Yadda Ƙarancin Jini Ke Kashe Jijiyar Tsakiyar Hannu

Mutane da dama kan farka da tsakar dare su ji hannunsu ya sage, babban yatsa da manuni da yatsan tsakiya kamar ana tsira musu allura. Sai mutum ya tashi zaune ya yi ta yarfa hannun, bayan 'yan mintoci abin ya lafa. Da safe a ce kwanciya ce aka yi a kansa. Wani lokaci hakan ne. Amma idan abin ya zama na kullum, kuma ƙaramin yatsa ba ya cikin masu sagewa, likitoci kan zargi wata jijiya guda da suke kira midiyan, wato jijiyar tsakiya, kuma galibi matsalarta ita ce jini ba ya isa gare ta yadda ya kamata.

A nan akwai wani cikas da duk mai fassara bayanan lafiya ya sani. Hausa tana kiran abubuwa uku da suna ɗaya: bututun da jini ke bi jijiya ne, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka ma farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Saboda haka a wannan bayani za a riƙa cewa jijiya ga mai kai saƙo kawai, magudanar jini ga bututun jini, sannan igiyar tsoka ga ta ukun.

Jijiyar tsakiya tana samo asali ne daga lakar da ke cikin ƙashin wuya, ta bi ta hammata, ta gangara tare da babbar magudanar jinin hannu har zuwa gwiwar hannu. Daga nan sai ta kutsa cikin tsokoki ta bi tsakiyar sangalin hannu, ta shiga tafi ta wata ƙuntatacciyar mashiga da ke wuyan hannu. Ita ce ke ba da ji ga babban yatsa da manuni da yatsan tsakiya da rabin yatsan zobe, ita ce kuma ke sarrafa tsokar gindin babban yatsa, wadda ke ba mutum damar riƙe allura ko alƙalami ko jan carbi.

Duk tsawon wannan tafiya jijiyar tana buƙatar abinci da iskar oksijin, kuma ba ta da rumbun ajiya. A saman hannu, babbar magudanar da suke tafiya tare ce ke aika mata ƙananan rassa. A sangalin hannu tana samu daga magudanar ɓangaren ƙaramin yatsa da kuma wata siririya da ke manne da ita, sannan a tafin hannu daga magudanar da ta yi baka a ƙarƙashin fata. Rassan kan shiga rigar jijiyar, su bazu sama da ƙasa, su haɗu da juna. Wannan haɗuwa rahama ce, domin idan reshe ɗaya ya toshe, na kusa da shi kan cike gurbinsa. Abin da tsarin ba ya jurewa shi ne matsi da kuma miƙewa fiye da kima.

Masanin nan na ƙasar Suwidin, Göran Lundborg, da abokan aikinsa sun auna hakan a jikin jijiyoyin zomaye. A rahotonsu na 1981 sun nuna cewa matsin da bai wuce 20 zuwa 30 ba, a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, ya isa ya rage fitar jini daga jijiya, idan kuma ya kai 60 zuwa 80 jinin kan tsaya cak. Tun a 1973 sun gano cewa jan jijiya da kashi 8 cikin 100 na tsawonta kan rage gudun jinin, kashi 15 kuma ya tsayar da shi. Wannan ne ya sa likitan da ke ɗinke jijiyar da wuƙa ko gilashi ya yanke ba ya yarda ya ja bakunan biyu da ƙarfi don su haɗu.

Mashigar wuyan hannu ce inda matsin ya fi aukuwa. Ƙasusuwa ne suka kewaye ta ta ɓangarori uku, wata tauraruwar tantani ta rufe ta daga sama, kuma a cikinta jijiyar tana cunkushe da igiyoyin tsoka guda 9. Babu wurin faɗaɗawa. Wani bincike da Richard Gelberman ya jagoranta a Amurka, shi ma a 1981, ya samu matsin mashigar bai kai 3 ba a hannun masu lafiya, amma ya kai kimanin 32 a hannun masu ciwon, ya kuma haura 90 idan suka lanƙwasa wuyan hannu. A nan ne sirrin farkawar dare yake, domin mai barci kan lanƙwashe hannunsa bai sani ba. Yarfa hannu yana dawo da jinin, shi ya sa ake samun sauƙi nan take. Idan aka ɗauki watanni ana haka, jijiyar kan kumbura, kumburin ya ƙara matsi, daga bisani zarurrukanta su fara mutuwa. Alamar an kai wannan mataki ita ce sagewar ta daina tafiya ko da rana, tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, kofi ko cokali ya riƙa suɓucewa.

Ciwon ya fi kama mata. Juna biyu na jawo shi saboda ruwan da ke taruwa a jiki, kuma sau da yawa yakan tafi bayan haihuwa. Ciwon sukari yana lalata ƙananan magudanan da ke ciyar da jijiyar tun kafin matsi ya zo. Ƙiba, da ciwon gaɓoɓi mai kumburi, da aiki da injin da ke girgiza hannu duk suna cikin dalilai, haka ma kuturta takan kumbura wannan jijiya daf da wuyan hannu. Magani kan fara da ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu da dare, ko allurar rage kumburi, idan ya ƙi sai a yi ƙaramar tiyata a tsaga tantanin nan.

Akwai wani abin da likitan tiyatar yake lura da shi. Siririyar magudanar nan da ke manne da jijiyar ita ce ke ciyar da hannun ɗan tayi a farkon ciki, kuma takan ƙanƙance wajen mako na 8. A jikin wasu mutane ba ta ƙanƙancewa, sai ta bi jijiyar har cikin mashigar. Masu bincike a jami'o'in Flinders da Adelaide na Ostareliya sun ruwaito a 2020 cewa ana samun ta a kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka haifa a tsakiyar shekarun 1880, amma ta kai kusan kashi 30 a waɗanda aka haifa a ƙarshen ƙarni na 20. Yawancin masu ita ba su san suna da ita ba. Sai dai idan jini ya daskare a cikinta, ciwon kan taso farat ɗaya da tsananin zafi, kuma yanke ta bisa kuskure na iya rage jinin wasu yatsu. Hoton sikanin yana nuna ta.

Mafi haɗari ga iyalai a Najeriya shi ne karayar yara. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko katanga ya dafa ƙasa, ƙashi ya karye daf da saman gwiwar hannu, daidai inda jijiyar da babbar magudanar jini suke kwance tare. Tsinin ƙashin na iya danne su, kumburin da ya biyo baya kuma ya shaƙe tsokokin sangali. Idan aka kawo karan ɗori aka ɗaure tamau, an ƙara rufe ƙofar da jinin zai bi. Tun a 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke barin hannu a ƙanƙame, yatsu a lanƙwashe, kuma jijiyar tsakiya ce ta fi shan wahala domin tana can tsakiyar inda jinin ya yanke. Ba a nan ake musun cewa masu ɗori sun warkar da karaya da yawa ba, amma wannan karaya ta asibiti ce, kuma filastar asibitin ma idan ta matse haka za ta yi.

Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i. Idan yaron da aka ɗaure wa hannu yana kukan da ya wuce misali, ko yana ƙara idan aka miƙar masa da yatsu, ko yatsun sun yi sanyi sun sauya launi, ko ya kasa haɗa kan babban yatsa da na manuni su yi zobe, to a sassauta ɗaurin nan take, a kai shi asibitin da ke da likitan ƙashi a daren, kada a jira wayewar gari.