Me Ya Sa Katun Ɗin Yara Ke Sa Iyaye Hawaye?

A hutun babbar Sallah na je gida Tambuwal, yayata ma ta zo daga Kebbe da yaranta. Da daddare aka jingina waya a jikin kwano, yara suka kewaye ta suna kallon Toy Story 3 da suka karɓo wajen masu tura fina-finai. Da aka zo ƙarshe, inda yaron fim ɗin, Andy, ya girma zai tafi jami'a, uwarsa ta shiga ɗakinsa ta tarar an kwashe kaya, sai na ga Yaya tana goge ido da gefen mayafi. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Ba komi, hayaƙi na." Alhali an daɗe da kashe murhu. Su yaran ko a jikinsu. Daga baya na tuna 'yarta ta fari ta kusa tafiya makarantar kwana.

To, me ke sa zane ya karya zuciyar babba, alhali ya san zane ne?

Fuskar da aka tsara don ta kama mu

A 1943 masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz, ɗan ƙasar Ostiriya, ya lura cewa akwai siffofin da ke tayar mana da son kulawa: babban kai, manyan idanu, kumatu masu tudu, ɗan ƙaramin hanci. Siffofin jariri ke nan. Ku duba taurarin katun, kusan duk haka ake zana su. Shi ya sa tun kafin labari ya yi nisa, tausayi ya riga ya shiga.

Haihuwa na sauya jikin iyaye

A 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi a Sifen. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 kafin cikinsu na fari da kuma bayan sun haihu. Sun tarar an samu sauyi a sassan da ke taimaka wa mutum fahimtar abin da ke ran wani, sauyin kuma yana nan har bayan shekara biyu. Waɗannan sassa suna cikin waɗanda suka fi motsawa da aka nuna wa matan hotunan jariransu.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Binciken Lee Gettler na 2011, a kan maza fiye da 600 a ƙasar Filifin, ya nuna sinadarin testosteron yana raguwa idan namiji ya zama uba, musamman wanda ke zama yana kula da ɗa. Ka ga ke nan uwa da ɗanta fim ɗaya suke kallo, amma kowa da abin da yake gani. Yaro yana bin labarin 'yan tsana, ita kuwa nata ɗan take hangowa.

Daɗi da zafi lokaci guda

A 2001 Jeff Larsen da abokansa a Amurka suka tambayi ɗalibai yadda suke ji a ranar yaye su da ranar barin ɗakin kwanansu. Da yawa sun ce farin ciki da baƙin ciki suke ji tare, abin da ba a cika ji ba a sauran ranaku. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku tuna uwar amarya ranar kai 'yarta ɗaki: ita ta yi ta addu'ar zuwan ranar, ita ce kuma mai kuka.

A kan wannan aka gina Inside Out na kamfanin Pixar a 2015. Daraktansa Pete Docter ya samo labarin ne daga 'yarsa, wadda ta rage fara'a da ta kai shekara 11. Ya nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam, Paul Ekman da Dacher Keltner. A ƙarshen fim ɗin yarinyar, Riley, ba ta samu sauƙi ba sai da ta yi kuka a gaban iyayenta, su kuma suka rungume ta.

Inda kunya ta shigo

A nan zan faɗi nawa ra'ayin. A ƙasar Hausa akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Son yana nan, an dai rufe shi ne. Ina ganin katun yana buɗe wata 'yar kafa, tunda ba wanda zai ce ta yi rashin kara don ta tausaya wa ɗan wani.

Kukan yana da amfani?

A 2015 Asmir Gračanin da Ad Vingerhoets suka nuna wa mutane fina-finai masu sosa rai. Waɗanda suka yi kuka sun fi shiga damuwa da aka gama, amma bayan minti 90 sun ce ransu ya fi daɗi fiye da kafin su fara kallo. Binciken ƙarami ne, mutum 60 kacal, don haka kada a ɗauke shi a matsayin magani. Abin da ya fi ƙarfi a binciken kuka shi ne, hawaye saƙo ne ga na kusa, yana jawo tausayi da taimako.

Saboda haka idan kun ga Inna ko Baba na goge ido a gaban katun, kada ku yi dariya. Ku kuma iyaye, ku riƙa zama ku kalla tare da yaran, musamman masu shirin barin gida. Yaro mai shekara 12 ba zai ce yana tsoron makarantar kwana ba, amma idan kuka tambaye shi me ke damun Riley, zai ba ku amsa, kuma sau da yawa tasa damuwar ce yake faɗa.