Karatun adana bayanai: yadda ɗan PK5 zai zaɓi makarantar da aljihu zai ɗauka

Mazauna Titin Koudoukou a unguwar PK5 ta Bangui sun san darajar takarda. A rikicin 2013 da 2014, iyalai da dama sun rasa takardun haihuwa, na fili da na makaranta, kuma an lalata rajistoci a ofisoshin gwamnati. Tattara irin waɗannan bayanai, tsara su, da adana su a kwamfuta yadda za a same su ranar buƙata, sana'a ce da ake karantawa a jami'a. Kotuna, bankuna, asibitoci da ƙungiyoyin agaji duk suna buƙatar masu ita.

Wanda ya gama bakaloriya ya fara da sanin sunan fannin. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, ana samunsa ne a ƙarƙashin "documentation", "archivistique" ko "sciences de l'information". Da waɗannan sunaye ake tambaya, kuma tambayar farko a yi ta a gida, a Jami'ar Bangui da aka kafa a 1969, domin ɗalibin da ke kwana a gidan iyayensa ya huta da kuɗin haya da na abinci.

Idan sai an fita waje, Kamaru ce mafi kusa, ta hanyar Beloko da Garoua-Boulaï. Makarantar ESSTIC ta Jami'ar Yaoundé II tana koyar da fannin, amma sai an ci jarrabawar shiga. Tun 1993 kuɗin rajista na gama-gari a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara. Ɗalibi ya nemi a rubuta masa adadin da ya shafi ɗan Afirka ta Tsakiya a wannan makaranta. Sefar ƙasashen biyu ɗaya ce, babu asarar canji.

A Senegal akwai EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, wadda aka kafa a 1967, kuma take horar da ma'aikatan laburare da masu adana takardu. Tafiyar da zaman Dakar suna da tsada, sai dai makarantar tana da tsarin karatu daga nesa ta intanet. A nan lissafin ya koma kan kwamfuta, kuɗin intanet da wutar lantarkin Bangui mai yawan ɗaukewa.

Wasu iyalai kuma hankalinsu na karkata ga Najeriya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ke da sashen ilimin laburare da bayanai. Hausa za ta sauƙaƙa zama, dangi na iya ba da masauki, amma darasi da Ingilishi ake yi, kuma koyonsa na iya cinye shekara guda.

Saboda haka kuɗin rajista kaɗai ba ya nuna araha. A haɗa shi da haya, abinci, mota da takardun zama, a ninka sau uku, tunda lisans shekara uku ce. A Najeriya kuwa digirin farko shekara huɗu ne.

Kafin a biya ko sisi, musamman a makarantu masu zaman kansu, a tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da makarantar, a kuma duba ko CAMES, hukumar da ke Ouagadougou mai tantance digirori, ta san da shaidar. Araha ba ta ado: digirin da ofis ya ƙi karɓa ya fi kowanne tsada. A kuma tambayi inda ɗalibanta ke zuwa koyon aiki, domin mai ɗaukar ma'aikaci zai so ya ji rumbun takardun da mutum ya taɓa tsarawa da hannunsa.