Gaskiya ko Jita-jita: Idan Sabis Ya Ɗauke a Magama, Wa Ke Rufe Layin?

A Magama ta ƙaramar hukumar Jibiya, inda hanyar Katsina ke tsallakawa Ɗan Isa ta miƙe Maraɗi, waya ba ta daɗewa a layi ɗaya. Ɗan canji da direban tirela da ɗan kasuwa, da yawansu sim biyu gare su, na Najeriya da na Nijar. A kunna data a wannan, sabis ya yi rauni, a koma wancan. Duk lokacin da aka yi haka, adireshin wayar a intanet ya sauya ke nan, kuma duk maganar da take tsakiyar yi da wata kwamfuta mai nisa ta tsinke ba sallama. Mai wayar ya ci gaba da harkarsa. Ita kuwa kwamfutar da aka bari a ɗaya gefen ba ta san an tafi ba. A kan wannan ragowar maganar ake faɗin abubuwa iri-iri a rumfunan masu POS, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, wasu kuma masu jawo asara.

Kafin a auna su, sai an san wace ce kwamfutar da ke can gefen. Yawancin hidimomin da muke taɓawa ta waya, na banki ne ko na saƙo, ba kan ƙarfe guda suke zaune kai tsaye ba. Babbar kwamfuta ɗaya a cibiyar adana bayanai ita ce mai masauki, a cikinta kuma manhaja ta yanka ƙananan kwamfutoci baƙi, kowace da tsarinta, kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce a duniya. Kamfanin IBM ya fara wannan dabara tun shekarun 1960, aka kafa kamfanin VMware a 1998, Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar da manhajar QEMU a 2003, manhajar KVM kuma ta shiga zuciyar tsarin Linux a 2007. Baƙuwar kwamfuta ba ta da wayar kanta da ta fita waje. Duk saƙon da za ta aika ko ta karɓa sai ya bi ta hannun mai masauki, shi kuma sau da yawa yana riƙe da jadawalin da yake rubuta kowane haɗi: daga wane adireshi, zuwa wane, ta wace kafa, kuma a wane hali yake. Kamar dai littafin shingen kwastan ne. An rubuta mota ta shigo. In ta sulale ta ɓarauniyar hanya ba a rubuta fitarta ba, a wurin littafi tana nan cikin gari.

"Na kashe data, magana ta ƙare"

Jita-jita ce, kuma ita ce uwar sauran. Ƙa'idar TCP, wadda mafi yawan hidimomin intanet ke tafiya a kanta, an tsara ta a takardar RFC 793 ta 1981, kuma ta tanadi yadda ake sallama. Ɓangare ɗaya ya aika alamar FIN cewa ya gama, ɗayan ya amsa, shi ma ya aika tasa, a amsa masa. Akwai kuma RST, wadda ke katse haɗi nan take. Duka biyun saƙonni ne, sai sun isa kafin su yi aiki. Wayar da caji ya ƙare mata, ko ta fita daga inuwar turken sabis, ba ta aika ko ɗaya ba. TCP kuma bai ɗauki shiru a matsayin mutuwa ba; haɗi na iya kwana lafiya ba tare da an ce uffan a kansa ba.

Tsawon jiran yakan ba mutane mamaki. Sashen Linux mai bin sawun haɗe-haɗe, wanda ake kira conntrack, in ba a sauya masa saiti ba, yana riƙe da haɗin da ya kafu ya yi shiru har daƙiƙa 432,000, wato kwana 5 cur. Akwai wata hanyar leƙawa, ta aika ɗan saƙon "kana nan?", amma sai manhaja ta nemi a kunna ta, kuma a saitin asali Linux ba ya fara tambayar sai bayan daƙiƙa 7,200, sa'a 2. Daga nan ya tambaya sau 9, da tazarar daƙiƙa 75, kafin ya haƙura. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar 'yan bindiga, duk wayar da ke tsakiyar wani aiki a intanet haka ta ɓace ba sallama, aka bar kwamfutocin can gefe su gano da kansu, kowace gwargwadon agogon da aka saita mata.

"Ai netwok ne"

Rabin gaskiya. Sabis a bakin iyaka yana da rauni, babu mai musu. Amma sau da yawa waya na nuna sandunanta a cike, WhatsApp na tafiya, manhajar kuɗi kuwa ta tsaya tana juyi. A irin wannan hali turken da ke kusa da kai ba shi da laifi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da kan faru shi ne jadawali ya cika. Jadawalin conntrack yana da iyaka. In matattun haɗe-haɗe suka cinye gurabensa, sabon mai shigowa ba ya samun wuri, sai tsarin ya riƙa zubar da saƙonninsa yana rubuta wa injiniya cewa jadawali ya cika. Wanda ya riga ya shiga yana aikinsa lafiya, na bayansa na tsaye a waje. Shi ya sa mutum biyu kan zauna a benci ɗaya, da layi iri ɗaya, na ɗaya ya wuce, na ɗaya ya ƙi.

Rasitin POS ma yakan faɗi wani abu ga mai lura. Lambar amsa 51 tana nufin kuɗin asusu ba su kai ba. Lamba 91 kuwa tana nufin an kasa samun bankin mai kati ko tsakiyar da ke haɗa bankuna. Wanda ya ga 91 ya san saƙonsa ya bar Magama, a gaba ne aka rasa mai amsawa.

"Kwamfutar da ke cikin kwamfuta ba ta cika, tunda manhaja ce"

Wannan ta ɗalibai ce da masu koyon aikin, kuma jita-jita ce. Kowane haɗi yana cin ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa. Kafofin da adireshi ɗaya ke da su ba su wuce 65,535 ba. A Linux da yawa, manhaja ɗaya ba ta buɗe fayil fiye da 1,024 a lokaci guda sai an ɗaga mata iyakar, kuma kowane haɗi a matsayin fayil ake lissafa shi. Baƙuwar kwamfuta ma ta fi shiga haɗari, domin jadawali biyu ne ko fiye: nata da na mai masauki. Wanda ya taɓa kunna QEMU a kwamfutarsa ta cinya ya shiga intanet ba tare da wani saiti ba, ya bi ta Slirp ne, manhajar da Danny Gasparovski ya rubuta a Ostareliya a 1995. Duk haɗin da baƙuwa ta buɗe, Slirp na buɗe takwaransa a wurin mai masauki. In baƙuwa ta rufe nata amma aka manta da takwaran, ɗigo ya fara, kuma ba a jin sa sai ranar da komai ya tsaya.

Mafi wahalar sha'ani shi ne halin da ake kira CLOSE_WAIT. Wancan ɓangare ya yi sallama yadda ya kamata, tsarin ya amsa, ya sanar da manhaja cewa ta rufe nata. In marubucin manhajar ya manta da wannan layi guda, babu agogon da aka ɗaura wa halin don ya share shi. Yana iya zama har sai an kashe manhajar. A nan laifin na ɗan Adam ne, mai rubutu da mai dubawa. A QEMU akwai wani tsari mai suna COLO, inda baƙi biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan masauki biyu, don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Tunda kowace da lambobin da take jera saƙonninta da su, dole a riƙe jadawalin kowane haɗi ana daidaita lambobin, kuma dole a gane lokacin da haɗin ya rufu a goge shi. Tsarin da aka gina don kada aiki ya tsaya, rashin shara kaɗai ya isa ya tsayar da shi.

"To a riƙa sharewa nan take mana"

Wannan shawara tana da daɗin ji, amma kuskure ce, kuma a ganina nan ne ainihin gwanintar aikin take. Bayan an yi sallama cikakkiya, ɓangaren da ya fara rufewa yana shiga wani jira mai suna TIME_WAIT. Ƙa'idar 1981 ta kai shi minti 4, Linux ya tsayar da nasa a daƙiƙa 60. Dalili biyu ne. Amsar ƙarshe na iya ɓata a hanya, wancan ya sake aiko da sallamarsa, dole a samu mai amsa masa. Na biyu, wani tsohon saƙo da ya makara na iya isowa bayan an buɗe sabon haɗi da adireshi da kafa iri ɗaya, a ɗauke shi a cusa cikin maganar da ba tasa ba. Injiniyan da ya ga dubban TIME_WAIT ya firgita ya goge su, ya cire kariyar da aka sa da gangan.

Gaggawa a kan haɗin da ke da rai ma tana da nata ciwon. Ƙofar fita ta girgijen Amazon tana yar da haɗin da ya yi shiru daƙiƙa 350. Mai raba kaya na girgijen Azure kuma, a saitinsa na asali, minti 4. Takardar RFC 5382 ta 2008 kuwa cewa ta yi kada irin waɗannan na'urori su yar da haɗin da ya kafu kafin sa'a 2 da minti 4. Dubi tazarar: wani na jira kwana 5, wani bai kai minti 6 ba, kuma saƙo ɗaya na iya ratsa su duka. In na tsakiya ya goge nasa alhali ɓangarorin biyu na ganin haɗi na nan, saƙo na gaba zai tarar da hanya a toshe. Na'urar POS da ta yi awa guda a ajiye ba ciniki, aka ɗauko ta karon farko ta yi jinkiri sannan ta wuce a karo na biyu, tana iya kasancewa irin wannan ta gamu da shi.

Kashe na'ura a sake kunnawa, da ake ba da shawara a kowace rumfa, yana da amfani a nan, domin yana tilasta buɗe sabon haɗi. Amma gefenka kawai yake wankewa.

"In haɗin ya mutu, kuɗin ma sun fasa fita"

Wannan ce mai cutarwa. Jadawalin haɗi daban, littafin kuɗin banki daban. Saƙonnin kati suna bin ƙa'idar ISO 8583: na'ura ta aika buƙata, bankin mai kati ya cire kuɗi, ya mayar da amsa. In haɗin ya tsinke bayan an cire amma kafin amsa ta dawo, na'ura za ta nuna bai wuce ba, ga kuma alat ya shigo wayar mai kati. Share mataccen haɗi ba ya mayar da ko kwabo. Abin da ke mayar da kuɗi wani saƙo ne na daban, na sokewa, wanda ake aikawa idan amsa ba ta zo a kan lokaci ba, shi ma kuma sai ya samu hanya. In bai isa ba, sai an daidaita lissafi tsakanin bankuna. Saboda haka mai gaggawar sake zura kati kafin ya duba asusunsa yana iya biya sau biyu, haka ma mai sake danna taransifa don na farko ya nuna yana kan hanya.

Abin da ke damuna shi ne wanda nauyin ke faɗawa kansa. Iyakar Jibiya ta sha rufewa: an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A tsakani kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura mutane ga POS da taransifa ko suna so ko ba sa so. Ɗan kasuwar da ya tsallake duk wannan, jarinsa ba mai jure a riƙe masa kuɗi kwana uku ba ne. Mai gina manhajar kuɗi a Legas, a ofis mai intanet ɗin da ba ya yankewa, yana iya ɗaukar tsinkewar haɗi a matsayin abin da kan faru jefi-jefi. A Magama kuwa kullum ne. Maganin ba ɓoyayye ba ne: manhaja ta riƙa leƙa abokin maganarta a tazara gajera, kowace hulɗa ta ɗauki lambar da za ta hana a maimaita ta ko an sake aikowa, a sa ido kan yawan CLOSE_WAIT kafin ya taru. Akwai ma sabuwar ƙa'ida, QUIC, da aka kammala a 2021, wadda ke gane haɗi da lambarsa ta musamman maimakon adireshi, don haka tana iya jure sauyin layi a tsakiyar magana.

Mai kati kuma yana da haƙƙi a rubuce. Tun daga 8 ga Yunin 2020, Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin mayar da kuɗin POS da suka maƙale daga kwana 5 zuwa sa'a 72. Rasitin da ya nuna bai wuce ba kada a yar da shi, domin lambar RRN da ke jikinsa da ita banki ke nemo hulɗar. Na taransifa kuma lambar zama ce mai lambobi 30. A kai ƙorafi bankin mai kati da farko, a karɓi shaidar an kai. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, sai a miƙa shi ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.