Daga Katsina zuwa Maraɗi: yadda tarihin gida ke haɗuwa da na ƙasa

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, ko Ɗan Isa, ko Madarunfa, ya san cewa da wuya a samu gida a wannan yanki wanda ba shi da dangi a ɗaya gefen iyaka. Amma in ka tambayi ɗan kasuwa yaushe kakansa ya ƙetaro, kuma me ya koro shi, sai ya ce tun zamanin da ne. Wannan amsa ba ta isa ranar da aka zo rabon gona a gaban alƙali, ko ranar da hukuma ta ce a kawo shaidar zama ɗan ƙasa.

Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma nan ne mai bincike zai kama zaren. In tsohuwa ta ce an haifi mahaifinta a Kakalaba, to yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi. In ta ce an ɗaura mata aure shekarar da ruwa ya ci gari, to ambaliyar 1945 ce, wadda ta sa aka tayar da Maraɗi daga bakin gulbi aka maido ta kan tudu. Ƴan baya kuwa suna tuna El Buhari, yunwar 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka har zuwa 1986, hatsi ya gagari talaka.

Gidajen da suke kiran kansu Katsinawa a Maraɗi, da yawansu asalinsu ya koma 1807, lokacin da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Ummarun Dallaji suka ci birnin Katsina. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Haka Gobirawa suka tare a Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Iyakar da muke tsayawa a kanta yau daga baya ta zo: Faransa da Ingila ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sannan jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomi. Wani kakan ma bai yi ƙaura ba sam, iyakar ce ta same shi a gonarsa.

Wasu kuma gudun aikin tilas na Faransawa ya kai su kudu, aikin da ba a soke ba sai 1946. Wasu gyaɗa ta ja su bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Akwai inda baki ke nauyi. Gidan da wani nasu ya tsere Kano bayan haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, ko bayan kame-kamen 1964, ba kasafai suke son tada zancen ba, balle maganar bauta. A nan sai a bi tsoho a hankali, kuma a je masa shi kaɗai, ba a gaban surukai ba.

Ban da bakin tsofaffi, a duba tsofaffin littattafan malaman gida, don wasu kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen shafi. Maroƙan gida sukan riƙe jerin sunayen kakanni cikin kirari, ko da yake, a ganina, sai an tace, don maroƙi ba ya faɗar abin da zai hana shi kyauta. Wanzami kuma ya san tsagen kowane gida. Mai hali ya leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, inda rahotannin kwamandojin Faransa suke, ko takwararta ta Kaduna. Sai dai a je da sunan ƙauye da na hakimin lokacin, domin Turawa sun fi rubuta sunan gari da adadin masu biyan haraji fiye da sunan talaka.