Yadda Hukumar BPP Ke Sa Ido Kan Sayayyar Gwamnatin Tarayya

Kafin shekara ta 2000, ma'aikatun gwamnatin tarayya suna bayar da kwangila ne bisa ƙa'idojin kuɗi da aka gada tun zamanin Turawa, waɗanda ba su da ƙarfin doka a kan jami'in da ya karya su. Wani bincike da aka gudanar tare da Bankin Duniya tsakanin 1999 da 2000 ya nuna cewa aringizon farashi da bayar da aiki ga 'yan lele suna cinye babban kaso na kuɗin ayyuka.

Wannan ne ya sa gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa ofishin bin diddigin farashi a fadar shugaban ƙasa, wanda Madam Oby Ezekwesili ta taɓa jagoranta. A watan Yunin 2007 kuma marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar da ta haifar da Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, wato BPP.

Mutane da dama suna zaton hukumar ce ke sayo wa ma'aikatu motoci da kujeru da magunguna. Ba haka ba ne. Kowace ma'aikata tana da kwamitinta na kwangila, kuma ita ke tallata aikin a jaridun ƙasa guda 2 aƙalla, ta buɗe takardun masu nema a bainar jama'a. Abin da ke hannun hukumar shi ne takardar amincewa: idan kuɗin kwangila ya haura iyakar da aka ƙayyade, ba a bayar da ita, ba a kuma biyan ko kwabo, sai hukumar ta tabbatar an bi ƙa'ida. Tana kuma ajiye kundin farashin kayayyaki da sunayen 'yan kwangila.

Iyakar nan ita ce inda masu wayo ke bi. Jami'i kan datsa babban aiki gida biyar ko shida domin kowane yanki ya tsaya ƙasa da ita, ya wuce ba tare da an duba ba. Dokar ta 2007 ta sanya wannan cikin laifuffuka, ta tanadi ɗaurin shekara 5 aƙalla da kora daga aiki ga ma'aikacin da aka kama, ba tare da zaɓin tara ba. Kamfani kuwa za a hana shi kwangila na shekara 5 aƙalla, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin.

Sai dai gwamnati ita ma ta yi wa dokar hawan ƙawara. An tanadi majalisar ƙoli da za ta tsara manufofi, mai wakilan lauyoyi da injiniyoyi da 'yan jarida, amma aka shafe fiye da shekara 10 ba a ƙaddamar da ita ba. A tsawon wannan lokaci Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli, alhali ministocin da ke zaune a cikinta su ne masu kawo buƙatun.