Dalilin da Ya Sa Labaran Masu Bin Diddigi Suke Hana Barci

A cikin watan Disamba na shekarar 1893, wani likita mutumin Sikotilan mai suna Arthur Conan Doyle, wanda ya riga ya ajiye aikin magani ya rungumi alƙalami, ya halaka mutumin da ya jawo masa suna da arziki, wato Sherlock Holmes, mai bin diddigin masu laifi a birnin Landan. Ya kai shi bakin wani magangarin ruwa mai zurfi a ƙasar Suwizalan, ya sa suka kacame da kokawa shi da babban abokin gabarsa Farfesa Moriarty, aka bar masu karatu a kan cewa sun rikito tare cikin ramin. Ko da yake kowa ya san Holmes ƙagaggen mutum ne wanda bai taɓa shaƙar iskar duniya ba, jama'a ba su karɓi wannan hukunci ba. Wasiƙun ɓacin rai suka yi ta zuwa, masu buga mujallu suka yi ta tayin kuɗi, har a shekarar 1903 marubucin ya sallama, ya komo da jarumin da ransa, ya bayyana cewa ashe tun farko bai faɗa ramin ba. Al'amarin da zai sa mutane masu hankali su yi juyayin wanda ba a haifa ba, su kuma matsa sai an tashe shi, ya cancanci a tsaya a yi masa nazari.

A ganina asalin lamarin yana komawa ga bukatu biyu da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam, waɗanda a zahiri suke kamar masu saɓa wa juna. Rai yana son sabon abu, yana son a firgita shi, a ɓoye masa sirri ya yi ta ɗokin tonawa. Sa'an nan kuma yana son abin da ya sani ya amince da shi, wanda ba zai ba shi kunya ba. Labarin bincike mai jarumi ɗaya da ke dawowa a littafi bayan littafi ya haɗa waɗannan bukatu a wuri guda, domin laifin sabo ne, mai laifin baƙo ne, garin ma wani lokaci baƙo ne, amma wanda zai kama hannun mai karatu ya ratsa da shi cikin duhun tsohon sani ne, an san tafiyarsa, an san fushinsa, an san ba zai kwana ba sai ya ga ƙarshen magana.

Shi kansa Conan Doyle ya gane wannan tun da wuri, ta fuskar ciniki ma. A zamaninsa mujallu sukan yanka dogon labari su riƙa fitar da shi kashi-kashi, wanda duk fitowa ɗaya ta wuce shi kuwa zaren ya tsinke masa, sha'awarsa ta mutu. Sai ya yi tunanin a riƙa ba da cikakken labari a kowace fitowa, mai farko da ƙarshe, amma jarumin ya zama ɗaya, ta yadda sabon mai saye ba zai ɓata ba, tsohon kuma ba zai iya rabuwa da mujallar ba. Da wannan dabara labaran Holmes suka fara fita a mujallar Strand a shekarar 1891, kafin marubucin ya ajiye su kuwa sun kai gajerun labarai 56 da littattafai 4. Waɗanda suka biyo baya suka ɗora a kan wannan harsashi: Agatha Christie ta riƙe Hercule Poirot daga 1920 har 1975, da ta kashe shi kuwa jaridar New York Times ta buga labarin rasuwarsa a shafinta na farko, Georges Simenon kuma ya rubuta littattafai 75 a kan Maigret, babban ɗan sandan ciki na birnin Faris.

Abin da ya fara ɗaure mutane ga Holmes shi ne kaifin lura. A haɗuwarsu ta farko da Dakta Watson, wanda ya zama abokinsa, a littafin da ya fito a 1887, kallo ɗaya ya yi masa ya ce daga Afganistan ya dawo. Daga baya ya warware masa yadda ya sani, cewa ya ga siffar likita tare da tsayuwar soja, ya ga fuska ta ƙone da rana alhali wuyan hannu fari ne, ya ga ramar mai jinya da hannun hagu da ya sandare saboda rauni, sai ya tambayi kansa a ina likitan sojan Ingila zai sha irin wannan wuya a wannan lokaci. Daɗin abin shi ne, da zarar an yi bayani sai mai karatu ya ga cewa duk alamun suna gabansa, shi ne bai duba ba, sai ya ƙudurta a ransa cewa a labari na gaba ba za a riga shi ba. Wannan gasa ta hankali tsakanin marubuci da mai karatu ita ce take sa a sayi littafi na biyu.

Irin wannan basira ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a gaban malamai. Malaman fiƙihu sun daɗe suna magana a kan hukunci da ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya inda babu shaidun gani da ido, suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, inda yagewar riga ta baya ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan wannan babi, ana kuma buga misali da firasar Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra. A ƙasarmu ma akwai masu bin sawu, waɗanda in an sace raƙumi ko saniya sukan durƙusa su dubi ƙasa, su faɗa maka ko dabbar tana ɗauke da kaya, ko tana ɗingishi, ko da dare aka kora ta. Saboda haka Bahaushen da ya buɗe littafin bincike yana shiga fagen da hankalinsa ya riga ya saba da shi.

Amma basira kaɗai ba ta hana barci. Abin da ke hana barci shi ne gaggawa, ita kuwa gaggawa wa'adi ne ke haifar da ita. Tsofaffin masu hikaya sun san wannan sirri. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka sami gawar wata mace, Halifa Haruna Rashidu ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan, in ba haka ba a rataye shi. Da zarar an yanka wa'adi, kowace sa'a ta zama mai tsada, mai sauraro kuma ya shiga ƙirga lokaci tare da waziri. Marubutan ƙarni na ashirin sun ɗauki wannan tsohuwar dabara suka ƙara mata kayan aiki: babi gajere wanda ake gamawa kafin shayi ya huce, jimla marar ado, zance tsakanin mutane maimakon dogon siffantawa, da kuma datse babi daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ko wayar tarho ta yi ƙara, domin mai karatu ya ce bari in ƙara ɗaya, har ya ji kiran assalatu.

A wannan fanni, babu sunan da 'yan makarantar Nijeriya na shekarun 1970 da 1980 suka sani kamar James Hadley Chase. Littattafansa ƙanana ne masu shiga aljihu, ana samunsu a shimfiɗe a gaban masu sayar da tsofaffin littattafai, suna yawo daga hannu zuwa hannu a makarantun kwana har bango ya cire, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka iya Turanci a wancan zamani za su shaida cewa sun ƙaru da shi ƙwarai. Sunansa na yanka René Raymond, an haife shi a Landan a 1906, ya rasu a Suwizalan a 1985. Ya fara da tallan littattafai gida-gida, inda ya fahimci abin da talaka yake son karantawa, littafinsa na farko ya fito a 1939, ya kuma bar wajen littattafai 90. Abin mamaki shi ne yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, alhali bai zauna can ba. Da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya gina biranensa.

Chase ya yi jarumai masu dawowa da dama. Akwai Vic Malloy, mai bincike mai zaman kansa. Akwai Mark Girland, ɗan leƙen asiri mazaunin Faris mai son kuɗi da hutu, wanda ba a nemansa sai aiki ya gagari kowa. Amma wanda ya fi zama a zukata shi ne Tom Lepski, ɗan sandan ciki a Paradise City, wani ƙagaggen birnin attajirai a jihar Florida. Lepski jarumi ne a bakin aiki, mai zafin rai, mai kwaɗayin ƙarin girma, amma da ya koma gida sai matarsa Carroll ta sa shi gaba a kan yankan ciyawar tsakar gida, ko ta ajiye masa girkin da ya ƙone, ko ta kawo masa maganar wata 'yar duba da take zuwa wurinta, shi yana tsaki, maganar kuma wani lokaci ta zo daidai da abin da yake nema. A ofis ga shugabansu Frank Terrell mai natsuwa, ga Saje Beigler wanda kofin gahawa ba ya barin hannunsa. Waɗannan ƙananan halaye su ne suke mai da jarumi ɗan gida, domin mutum yana girmama mai ƙarfi, amma wanda ya san rauninsa shi yake ƙauna. Haka yara suke da Gizo: kowace tatsuniya da tata, amma da an ambaci sunansa sun san za a yi wayo da haɗama, sun kuma san Ƙoƙi tana nan kusa.

Afirka ma ta yi nata jarumin a wannan fage. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kamfanin Drum ya riƙa fitar da mujallar African Film, wadda ake ba da labari a cikinta da hotunan mutane na gaske da ɗan rubutu kaɗan, jaruminta kuwa Lance Spearman, baƙar fata mai malafa da kwat, yana fafatawa da mugu Rabon Zollo. Ta yi kasuwa a Nijeriya da Gana da Kenya, domin matasa sun ga mai kamarsu yana tuƙa mota, yana kama masu laifi, yana fita daga kowane tarko.

Wajibi ne a faɗi aibin wannan fanni kamar yadda aka faɗi daɗinsa. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai cike suke da giya da caca da zubar da jini, hotunan bangonsu sau da yawa ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma tun a 1944 marubuci George Orwell ya soki littafin Chase na farko a kan ƙawata zalunci da bautar ƙarfi. Uba mai hankali zai duba abin da ɗansa yake karantawa, ya zaɓa masa abin da ya dace da shekarunsa. Sai dai adalci ya sa a ambata cewa a galibin labaran Chase, wanda kwaɗayi ya ja shi ya ci amana ko ya kashe rai don kuɗi, ƙarshensa hasara ce da nadama, kuma marubucin yakan nuna yadda kuskure ƙarami, kamar mantuwa ko rashin haƙuri, yake rusa shirin da aka daɗe ana ƙullawa.

A nan ne, bisa fahimtata, babban sirrin yake. Mutum yana rayuwa a duniyar da ake yin sata a rasa ɓarawo, a yi kisa magana ta shiririce, mai ƙarfi ya danne mai rauni a tashi ba a ce komai ba, zuciya kuwa ba ta daina ƙishin ganin an bayyana gaskiya an ba mai hakki hakkinsa. Labarin bincike yana yi mata alkawari cewa kafin shafi na ƙarshe za a san wanda ya yi, da yadda ya yi, da dalilin da ya sa, kuma ba da zato ko duka za a sani ba, da hujja za a sani. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Jarumin da ke dawowa shi ne lamunin cewa wannan rana ɗaya za ta zo a kowane littafi.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu na Hausa, waɗanda Allah ya hore wa alƙalami da ɗimbin masu karatu, su ƙara himma a wannan fage. Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba: ga satar shanu, ga damfarar filaye, ga rikicin gado, ga magungunan jabu, ga tashoshin mota da kasuwannin kan iyaka inda kowane irin mutum yake ratsawa. Abin da ya rage shi ne a gina mutum ɗaya mai suna da unguwa da iyali da rauni irin na kowa, mai tsoron Allah, wanda ba ya karɓar cin hanci kuma ba ya tuhuma sai da dalili, a yi haƙuri a riƙe shi littafi bayan littafi har yara su san shi. Matashin da ya girma yana karanta irin wannan jarumi zai koyi tambayar hujja kafin ya gaskata jita-jita, ya kuma ƙyamaci ɗaukar doka a hannu, wannan kuwa amfani ne da al'ummarmu take matuƙar bukata a yau.