Tayar Inci 32: Shin Kekunan Tseren Tsaunuka Za Su Sake Sauya Fasali?

A watan Yulin 2025, ana cikin atisayen gasar cin kofin duniya ta tseren kekuna a tsaunukan Andorra, masu ɗaukar hoto suka hango wani keken kamfanin BMC na ƙasar Siwizalan wanda tayoyinsa suka fi na kowa girma. Keken gwaji ne, kuma ba a shiga tsere da shi ba. Amma tun daga lokacin maganar tayar inci 32 ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu bibiyar wannan wasa. 'Yan watanni kafin nan kamfanin Maxxis ya riga ya nuna samfurin tayarsa mai suna Aspen a wannan girman, abin da ya sa mutane suka gane cewa akwai shiri a ƙasa.

Batun ya wuce ado. Manyan kekunan tsere na yau kan haura dala 10,000, kuma duk ranar da girman taya ya sauya, kusan komai na jikin keken sai ya bi: firam, wili, shakazoba, har da giya. Wanda ya zuba kuɗinsa bana yana da dalilin tambayar ko kekensa zai zama tsohon yayi kafin gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.

Hanya ce ke ƙera keke

Tseren ƙetare daji, wanda masu harkar ke taƙaitawa da XC, ya shiga gasar Olamfik ne a Atlanta a 1996. A wancan lokaci Bart Brentjens na ƙasar Holan ya shafe fiye da sa'o'i biyu kafin ya lashe zinare, kuma kekunan zamanin masu tayar inci 26 ne, sirara, galibinsu ba su da shakazoba a baya. Yau tseren ya koma kimanin sa'a ɗaya da rabi, a kan gajeren zagaye na 'yan kilomitoci wanda kyamarorin talabijin za su iya kamawa. Masu shirya gasa kuma sun cika hanyoyin da tarin duwatsu, saiwoyin bishiya da wuraren da sai an yi tsalle. A 2018 aka ƙara gajeren tsere na kimanin minti 20 a gasar kofin duniya.

Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Shekaru da dama nisan motsin shakazoba a keken XC milimita 100 ne. Kamfanin Scott ya kai keken tserensa Spark zuwa 120 a 2021, ya kuma ɓoye shakazobar baya a cikin firam. A 2024 Specialized ya fito da Epic 8, Cannondale ya fito da sabon Scalpel, dukkansu a kan 120. Kusurwar wuyan keke, wadda a da take kusan digiri 70, ta sauko zuwa 66 ko 67. Amfanin haka shi ne tayar gaba tana yin gaba sosai, don haka mai tuƙi ba ya saurin kifewa ta kan keke a gangare mai tsanani. Faɗin taya ya kai inci 2.4, sannan sirdin da ake saukewa da ɗagawa da maɓalli ana cikin tafiya, wanda a da ake ganin ƙarin nauyi ne kawai, ya zama ruwan dare.

Masu hasashe da yawa na ganin an kusa kaiwa maƙura a wannan ɓangare. Ƙara shakazoba fiye da haka zai cinye ƙarfin ƙafar mai tuƙi a hawa, alhali a hawa ake cin yawancin tsere. Shi ya sa idon injiniyoyi ya koma kan taya.

Abin da ya faru da inci 26

Wannan ba shi ne karon farko ba. Kamfanin WTB ya fitar da tayar inci 29 a 1999, kuma Gary Fisher ya fara sayar da kekunan da ke amfani da ita a farkon shekarun 2000. An yi ta yi musu dariya, ana cewa sun yi nauyi kuma ba sa juyawa a kwana. Sai a 2011 Jaroslav Kulhavy na ƙasar Cek ya zama zakaran duniya a kan inci 29, ya kuma ɗauki zinaren Landan a 2012. Nino Schurter na Siwizalan, wanda ya zo na biyu a Landan a kan inci 27.5, shi ma ya koma 29 kafin ya ci zinaren Rio a 2016. Cikin 'yan shekaru inci 26 ta ɓace daga manyan gasa.

Darasin a nan shi ne sauyin ya ɗauki fiye da shekara goma, kuma bai kankama ba sai da aka samu tayoyi masu kyau, shakazoba mai inganci da kuma nasara a fili.

Ribar inci 32 da kuɗin da za a biya

Faɗin wilin inci 29 milimita 622 ne, na inci 32 kuma 686. Wannan bambanci na milimita 64 yana sa taya ta hau dutse ko saiwa cikin sauƙi, kamar yadda babbar mota ke tsallake ramin da zai girgiza ƙarama. Ɓangaren tayar da ke taɓa ƙasa ya fi tsawo, don haka riƙo ya fi kyau a hawa mai santsi. Idan kuma keke ya ɗauki gudu, ba ya saurin sakinsa.

Sai dai babu riba ba tare da hasara ba. Babbar taya ta fi nauyi, kuma nauyin da ke juyawa a gefen wili ya fi wahalar tayarwa, musamman a zagayen da ake yawan taka birki a sake tashi. Wayoyin wilin sun fi tsawo, don haka ya fi saurin lanƙwasa a kwana. Akwai yiwuwar kamfanoni su magance wannan ta hanyar faɗaɗa cibiyar wilin baya daga milimita 148 da ake amfani da ita yanzu zuwa 157, wanda ke nufin tsofaffin wilika ba za su shiga sabon firam ba. Haƙoran giyar gaba ma sai an rage su, tunda kowane juyi na taya zai ci ƙasa fiye da da.

Babbar matsalar ita ce tsayin mai tuƙi. Gaban keke zai ɗagu, alhali 'yan tsere na son kan keke ya yi ƙasa don su danne tayar gaba a hawa. Gajeren mutum kuma zai iya jin tayar baya tana taɓa shi idan ya ja da baya a gangare. Wannan ya shafi mata 'yan tsere da dama, kuma shi ne ke tayar da tambayar adalci: shin za a samar da wata fasaha da dogaye kaɗai za su mora? Hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ba ta haramta girman ba a tseren tsaunuka, don haka hukuncin ya rage ga agogo da kasuwa.

Daga nan hasashe ya kasu uku. Wasu na ganin kamfanoni za su raba girman taya bisa girman firam, manya su samu 32, ƙanana su tsaya a 29. Wasu na sa ran gauraye, 32 a gaba da 29 a baya, irin dabarar da aka riga aka saba da ita a tseren gangare. Kashi na uku na ganin babbar taya za ta sa a rage shakazoba zuwa kusan 100, tunda tayar da kanta tana shanye wani ɓangare na girgiza.

Wannan hasashe na ƙarshe zai iya farfaɗo da keken da ba shi da shakazobar baya, wanda ake ta yi wa ta'aziyya tun da ransa. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci zinare a kan irin wannan keke na kamfanin Pinarello. Kekuna masu gajeriyar shakazoba, kamar Trek Supercaliber mai milimita 80 a baya da Specialized Epic World Cup mai 75, su ma za su iya samun sabuwar rayuwa.

Batir a ko'ina

Ɗaya fagen da babu tantama a kansa shi ne lantarki. Kamfanin SRAM ya kawo giya marar waya a 2019, sannan a 2023 ya fito da tsarin Transmission wanda ake ɗaure na'urar sauya giya kai tsaye a jikin firam. Shimano ya biyo baya da XTR marar waya a 2025. A 2024 RockShox ya fitar da Flight Attendant na XC, wata ƙaramar kwamfuta da ke lura da yanayin ƙasa da ƙarfin da mai tuƙi ke sa wa feda, ta ƙulle ko ta buɗe shakazoba da kanta.

Sakamakon haka, keke ɗaya kan ɗauki batura da yawa, kowanne da lokacin cajinsa. Matakin da ake sa ran gani shi ne batir guda a cikin firam da zai ciyar da giya, sirdi da shakazoba. Zai rage wahalar caji, amma zai ɗaure mai keke ga kamfani ɗaya, kuma gyaran zai fi ƙarfin makanikin unguwa.

Ga mai shirin saye

A kasuwannin Najeriya da Nijar, inda yawancin kekunan hawan dutse na gwanjo ne, har yau inci 26 ce ta fi sauƙin samun taya da tub, shekaru bayan ta bar fagen gasa. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa inci 29 ba za ta ɓace da wuri ba. Hasali ma, idan masu kuɗi a Turai suka koma 32, kekunan 29 masu inganci za su ƙaru a kasuwar gwanjo.

Alamu uku ne za su nuna inda aka dosa: ko manyan masu ƙera shakazoba, Fox da RockShox, za su cika shaguna da ta inci 32; ko kamfanonin taya da yawa za su bi sahun Maxxis; da kuma ko ɗan tseren da ba dogo ba zai zaɓe ta da kansa a babbar gasa. Har sai waɗannan sun tabbata, keke mai inci 29 da shakazoba 120 shi ne zaɓin da ba a cika yin da-na-sani a kansa ba.